Mai gyara ya lalata min makullan SSH, ya ce laifin intanet ne

Wallahi raina a ɓace yake. Na kai kwamfutar tebur ta ofis wajen mai gyara ya sauya mata ma'ajiya (hard disk) ya sa sabuwar Ubuntu, wani nau'in Linux, na jaddada masa cewa kada fayil ko ɗaya ya salwanta. Da ta dawo, duk sabar da nake shiga ta SSH, wato hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa da makulli, ta rufe min ƙofa: "Permission denied (publickey)". Aikin mutane yana hannuna, suna ta kira.

Na kira shi, wai intanet ce ba ta da ƙarfi. Haba Malam! Intanet ce ta kai ni bakin saba har ta ba ni amsa?

Ashe foldar .ssh ce bai kwafa ba. Sunanta da ɗigo ya fara, don haka a ɓoye take, shi kuwa abin da idonsa ya gani kawai ya ɗiba. A cikinta makullin sirrina id_ed25519 yake, da abokinsa mai .pub, da fayil ɗin config. Allah Ya taimaka tsohuwar ma'ajiyar tana nan. Ya ɗauko foldar a filash mai tsarin FAT32, wanda ba ya riƙe izinin fayil na Linux ko kaɗan. SSH ta ga makullin a buɗe ga kowa, ta buga gargaɗi da manyan baƙaƙe, ta ƙi taɓa shi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne maganin da ya kawo. A gabana ya rubuta chmod -R 777 a kan foldar gidana gaba ɗaya! Wato kowa ya karanta, kowa ya rubuta, har da makullin da ke buɗe sabar mutane. SSH tana kukan ƙofa a buɗe take, shi kuma ya ɓalle ƙyauren. Daga nan shiga kwamfutar daga gida ma ya gagara, domin StrictModes, wani saitin tsaro na SSH, ba ya amincewa da authorized_keys (fayil ɗin makullan da aka yarda su shigo) matuƙar wasu na iya rubutu a foldar gida. Dalilin yana rubuce ɓaro-ɓaro a /var/log/auth.log, bai ko leƙa ba.

Gyaran fa bai taka kara ya karya ba: izinin 700 ga .ssh, 600 ga makullin sirri da authorized_keys (wato mai su kaɗai ke iya taɓa su), a cire wa wasu ikon rubutu a foldar gida. Ni na yi da hannuna. Amma makullin da ya kwana a filash ɗin da ake cusawa a kwamfutar kowa ya tashi daga aiki. Dole na ƙirƙiri sabon makulli da umarnin ssh-keygen, na bi sabobin nan ɗaya bayan ɗaya ina goge tsohon. Kuma har yanzu yana aiko min saƙo wai in cika masa ragowar kuɗin aikinsa!