Gilashin mota ya ƙi tashi? Ba lallai injinsa ne ya ƙone ba

A garejojin Maraɗi, da gilashin ƙofa ya tsaya sai a ce ɗan injinsa ya mutu, a sayo wani. Sau da yawa lafiyarsa ƙalau. A tsofaffin motoci wayoyi biyu ke shiga injin, makunni ne ke juya wutar, gilashi ya hau ko ya sauka. Cire soket, ka ba injin wuta mai volt 12 daga batir, sannan ka musanya wayoyin. In gilashin ya hau ya sauka, injin lafiya yake, bar shi.

Duba fiyus, sai robar da ke tsakanin ƙofar direba da jikin mota: nan buɗewa da rufewa ke karya waya cikin rigarta, ido bai gani. Layin sauran ƙofofi kuma ta makunnin direba yake bi. Ƙurar hunturu in ta cika shi, har gilashin baya sai ya tsaya.