"Ai duk karfasa ce" ba amsa ba ce ga mai kiwon kifi

Tallan 'ya'yan kifi ya cika Facebook da WhatsApp kwanakin nan. Abin da ke ɓata min rai shi ne yadda masu sayarwa ke rubuta "karfasa" ko "tarwaɗa" kawai su tsaya, kamar sun gama bayani. Matashi ya ci bashi ya haƙa tafki, ya zuba abin da bai san irinsa ba, sai bayan wata shida ya gane.

Karfasar da ke ruwayenmu, daga tafkin Kainji zuwa tafkin Chadi, ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda masana ke kira Oreochromis niloticus, wadda uwar ke riƙe ƙwai a bakinta har su ƙyanƙyashe. Ita ce ke saurin girma, ita ake kiwo a Masar da China. Akwai kuma Coptodon zillii, mai jan ciki, wadda ke zuba ƙwai a ƙasan ruwa, ta ci ciyawa, ta cika tafki da 'ya'ya ƙanana waɗanda ba sa kai girman kasuwa. Lokacin da suke ƙanana kamar ɗan yatsa, mai saye ba zai bambance su ba. Mai ƙyanƙyasar kuwa ya sani sarai.

Tarwaɗa ma haka. Masuntan Yawuri da Argungu sun daɗe da raba ta da ramboshi, mai fiffiken tsoka kusa da wutsiya. Yau ana barbarar su biyun, a sayar da 'ya'yan da sunan tarwaɗa, mai saye ya ajiye su don iri ba tare da sanin haɗi ne ba.

Masu cewa wannan surutun 'yan boko ne, kifi ai kifi ne, ba su taɓa sayen buhun abincin kifi da kuɗinsu ba. A 2002 Amurka ta kafa doka ta hana kiran kifin basa na Vietnam da sunan tarwaɗar ƙasarta, saboda masu kiwo a Amurka sun ga suna ɗaya na cinye musu kasuwa.

Muna da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa, muna da sassan kula da kifi a ma'aikatun jihohi. Me ya hana su tilasta wa duk mai ƙyanƙyasa ya rubuta ainihin irin kifin a takardar ciniki, wanda ya yi ƙarya kuma ya biya asarar?