Harbin gasa da fistol: su sun rubuta, mu mun ce gado ne

Wani dattijo Bajamushe ne ya jawo wannan rubutu. A ɗakin harbi na wani ƙauye a Bavariya, da ya ji an ce daga Najeriya nake, sai ya yi dariya ya ce ai mu ba sai an koya mana bindiga ba, tunda kullum da ita ake jin mu a labarai. Da wasa ya faɗa, amma maganar ta yi zafi, don bindigar da ke hannunsa da wadda yake ji a labarai suna ne kawai ya haɗa su.

Bari in kwatanta muku wurin, 'yan uwa, don in an ce ɗakin harbi tunaninmu barikin soja yake tafiya. Ƙauye ne da bai kai wasu unguwanninmu yawan jama'a ba. Ɗakin yana ƙarƙashin gidan cin abinci, sai an sauka bene. Bangon cike yake da faifan katako masu zanen barewa da coci da gonaki, kowanne da ramukan harsashi da shekarar da aka harbe shi. A cikin wani akwatin gilashi akwai sarƙar kuɗin azurfa da ake rataya wa sarkin maharbansu, wanda ake sakewa duk shekara: wanda harbinsa ya fi kusa da tsakiya, shi ne sarki, ko da makaniken gari ne. Mu Sarkin Baka naɗa shi ake yi. A layin harbi za ka ga yarinya 'yar shekara 13 tsaye kusa da tsoho mai furfura, ba mai magana, sai ƙarar "tas" da ba ta kai ta tafi ba. Ƙungiyar maharba ta Jamus tun 1861 aka kafa ta, mambobinta sun haura miliyan ɗaya, kuma dokarsu ta yarda yaro ɗan shekara 12 ya fara harbi da bindigar iska in iyaye sun amince kuma akwai mai lura da shi.

Da fistol mai iska ake fara koyo, kuma ita kanta wasa ce ta Olamfik tun 1988. Ba albarushi. Matsattsiyar iska ce a cikin ɗan tulu ƙarƙashin bakin bindigar take tura ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5, nauyinta kusan rabin giram. Nisa mita 10 ne, a tsaye, da hannu ɗaya, ba jingina, ba madubin saiti. Ƙa'idar hukumar harbin gasa ta duniya, ISSF, ta ce bindigar kada ta wuce kilo 1.5, kunamarta kuma kada ta tashi da abin da bai kai nauyin giram 500 ba. Harbi 60 ake yi cikin minti 75, maki 600 ke nan in duk sun faɗa goma. Da'irar goman nan faɗinta milimita 11.5 ne. Jin Jong-oh na Koriya ta Kudu ya ci 594 a 2009. Sabon shiga in ya samu 480, wato takwas-takwas, ya yi ƙoƙari. 540 ta mutumin da ya zauna da gindinsa ce.

Kafin komai akwai ladabin wurin, kuma ba sa wasa da shi. Bakin bindiga kullum yana kallon allo, yatsa ba ya shiga wurin kunama sai an ɗaga hannu, in an ajiye ta sai an buɗe ta an zura wani zare mai launi ta cikin bututun har ya leƙo, kowa ya ga ba komai a ciki. In an tashi a wanke hannu kafin a ci wani abu, saboda dalma guba ce. Wanda ya tuna yaran Zamfara a 2010 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Mai koyarwa daga ƙafa yake farawa. Ka buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ka ba allo gefenka, hannun da ba ya aiki ka sa a aljihu ko ka maƙale a bel don kada ya yi lilo. Sai ka rufe ido, ka ɗaga bindiga, ka buɗe. In ka ga ta karkata hagu ko dama, kada ka gyara da hannu. Ka matsa ƙafar baya kaɗan, ka sake gwadawa, har sai hannu ya riƙa sauka kan allo da kansa. Wanda ya tanƙwara kafaɗa ya kai bindiga wurin, da ya gaji jiki zai koma inda ya fi so, harbin ya bi shi.

Riƙo kuwa, yatsan tsakiya da mai bi masa su ne ke matse mariƙi daga gaba zuwa baya. Babban yatsa da ɗan ƙaramin suna kwance ne kawai. Ɗan ali ba ya taɓa katakon mariƙi ko kaɗan, gaɓarsa ta farko ce ke kan kunama, ta ja ta kai tsaye baya. Wuyan hannu a kafe, gwiwar hannu a miƙe. Ƙarfin riƙon ba shi ne abin damuwa ba kamar ya zama iri ɗaya daga harbi na farko har na sittin.

A saiti ne kusan duk sabon shiga yake ɓata, kuma a nan ne abin ya saɓa wa hankali. Akwai ɗan tsinke a bakin bindiga, akwai tsaga a baya. Kan tsinken ya yi daidai da kan tsagar, hasken da ke hagunsa da na damansa su zo ɗaya. Ido ba ya iya ganin abu uku masu nisa daban-daban tar a lokaci guda, don haka tsinken ake kallo, a bar allon ya yi dishi-dishi. Mai koyo ba ya yarda, gani yake ai abin da zai harba ya kamata ya kalla. To ga lissafin. Tsakanin tsaga da tsinke kusan santimita 35 ne, zuwa allo kuma mita 10. In tsinken ya goce milimita ɗaya a cikin tsagar, kuskuren zai ninku kusan sau 28 kafin ya isa allo, wato kusan santimita 3, goma ta koma bakwai. Amma in saitin yana daidai, hannun ne gaba ɗaya ya yi rawa milimita ɗaya, milimita ɗaya ce a allo. Shi ya sa ma ba tsakiyar baƙin ake aunawa ba, farin da ke ƙasansa ake zama, a murɗa sukurorin saiti yadda ƙwayar za ta hau tsakiya. Baƙin tsinke a kan baƙin allo ɓacewa yake yi.

Hannu kuwa ba ya daina rawa, har na zakarun duniya. Mai koyo yana jira ya ga saiti ya tsaya cak ya fizgi kunama, fizgar nan ita ke jefa ƙwaya ƙasa ta hagu in na-dama ne. Ku duba mai ɗauke da ƙwaryar nono cike: nonon yana motsi, ita kuma tafiyarta take yi a hankali, da za ta tsaya kwatsam don ya daina da ya zube. Haka ake jan kunama, a ci gaba da ƙara nauyi a kanta ana cikin rawar har ta tashi da kanta. Tsarin shi ne ka ja numfashi ka ɗaga bindiga sama da allo, ka saki rabinsa kana saukowa, ka riƙe sauran, ka cinye sassaucin farko na kunama, ka zauna. Daga nan kana da kamar daƙiƙa 6 zuwa 8. In sun wuce ba ta tashi ba, cire yatsa, sauke hannu, sake daga farko. Saukewar nan ta fi komai wuya ga mai koyo, gani yake gazawa ce, alhali munanan harbinsa yawanci waɗanda ya kamata ya sauke ne. Bayan ta tashi ma ba a sauke hannu nan take. A ƙara daƙiƙa biyu ana kallon tsinke, a faɗi inda ake zaton ta faɗa kafin a duba. Ranar da zatonka ya fara dacewa da allo, ranar ka fara ganin saiti da gaske.

Allon ma yana ba da labari. In ramuka sun taru wuri ɗaya ko da a gefe ne, hannu lafiya, sukurori za a murɗa, kuma bayan harbi biyar zuwa goma ake murɗawa, ba a bin ƙwaya ɗaya. In sun tafi sama ta dama, tudun tafin hannu ne ke tura mariƙi lokacin tashi. In sun watsu ko'ina, ido ne ya koma kan allo, maganinsa a juya takardar a yi ta harbin farin bayanta. Abin mamaki, sau da yawa a nan ramukan suka fi haɗuwa.

Yawancin aikin ma ba a ɗakin harbi ake yin sa ba. Bindigogin gasa irin su Walther LP500 ko Steyr Evo 10 suna da maɓallin da ke sa kunama ta yi "ƙas" ba tare da iska ta fita ba. Minti 15 zuwa 20 kullum a gaban farin bango, ana lura ko tsinke zai motsa lokacin da ta tashi, ya fi awa uku sau ɗaya a mako. Don ƙarfin kafaɗa, gorar ruwa ta lita ɗaya ta isa: a miƙa hannu daƙiƙa 20 zuwa 30, a huta, sau goma, a yi da ɗaya hannun ma. Kowa kuma da littafinsa, yana rubuta abin da ya gwada yau da abin da ya gani. Maki ba a cika damuwa da shi a watannin farko ba.

To a nan ne nake jin haushi. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da maharbin ƙasar Haɗejia ko na bakin dajin Falgore bai sani ba a jikinsa. Wanda ke ɗura adaka da hannu, ya san harbi ɗaya gare shi, ya fi kowa sanin riƙe numfashi da fasa harbin da bai nuna ba. Yaron da ke tsaron shinkafa a fadama yana kakkaɓo jan-baki da danƙo, ido da natsuwar da ake nema yana da su. Amma je ka tambayi dattijon yadda ake yi. Zai ce gado ne, ko baiwa ce, in ya so ka ya ba ka laƙani. Yaro ya bi shi daji shekaru yana ɗaukar jaka, in ya tsinta ya tsinta. Ba na raina wannan tarbiyya, akwai sanin daji da sawu da iska a cikinta da babu Bajamushen da zai koya maka a ɗakin ƙasa. Sai dai ta wajen koya wa sabon shiga saiti, gaskiya sun yi mana nisa, kuma ba da wata basira suka fi mu ba. Sun yanka abin gunduwa-gunduwa, sun rubuta, sun ba kowa, har bindigar ƙungiya suke ara wa yaro kafin ya sayi tasa. Lokacin da hoton Yusuf Dikeç na Turkiyya ya karaɗe Facebook a gasar Olamfik ta Faris ta 2024, hannu a aljihu, ya ci azurfa, mutanenmu cewa suka yi ta yi lallai wannan a shirye yake. Hannu a aljihu darasin makon farko ne.

Na san abin da za ku ce, kuma kuna da gaskiya: wa zai kawo maganar koya wa matasa harbi a wannan zamani? Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol mai harsashi cikin haramtattun makamai, bindigar iska ma sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, adaka kuma na kwamishinan 'yan sandan jiha. Kada wani ya karanta wannan ya tafi neman ta bayan fage. Amma ku lura da inda muka tsinci kanmu. Su sun mayar da bindiga abin layi da rajista da littafi, yarinya ta riƙe ta gaban kakanta. Mu kuwa mai riƙe da ita a kan ƙa'ida, wanda ya gaje ta kaka da kakanni, shi ne ya zama abin tuhuma, ɗan ta'adda kuma ba ya neman lasisin kowa. A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo suna hanyar komawa gida Sallah, yawancinsu 'yan ƙauyukan Kano ne, har da na Bunkure, bayan an ga adaka a motarsu. 'Yan bindigar da ke buɗe hawan Sallah da hayaƙi a gaban sarki da waɗannan bayin Allah sana'arsu tushe ɗaya ce.

Abin da ɗakin harbi na mita 10 yake buƙata bai taka kara ya karya ba: zaure mai tsawon mita 13 ko 14, fitila mai kyau, akwatin ƙarfe mai tare ƙwaya, allo a tsayin mita 1.4 daga ƙasa, bindiga biyu masu lasisi a kulle a hannun hukuma. Kusan kowane gari namu yana da kulob ɗin ƙwallo da kansila ya saya wa riguna. In da Sarkin Baka da dagaci da DPO za su zauna tabarma ɗaya, su ne za su san yaran da za a ɗauka da waɗanda ba za a ɗauka ba, sun fi kowace takarda sanin ɗan wane ne. Kuma dattawan nan suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, Allah ya jiƙansu, ba wanda ya zauna da biro ya tambaye su ko yadda suke tsayawa in za su yi harbi.