Kujera 26 ba wasa ba ce, amma wa muka zaɓa?

Na karanta labarin nan cewa a zaɓen 2023 NNPP ta kwashe kujeru 26 cikin 40 na Majalisar Dokokin Kano, APC ta tsira da 14, PDP kuwa ko ɗaya. Mu da ke ƙauyukan Kano ta Kudu abin bai ba mu mamaki ba, guguwar jar hula ce ta taso tun zaɓen shugaban ƙasa.

Abin da ke damuna shi ne zaɓen "sak". A rumfarmu ranar 18 ga Maris, dattawa da mata suna kan layi cikin rana, kowa tambayarsa ina kwandon kayan marmari, ina tsintsiya. Sunan ɗan takarar majalisa kuwa, wallahi da yawa ba su sani ba. Alhali shi ne zai zauna a kan kasafin kuɗin jiha, inda takinmu da maganin asibitinmu suke.

Su kuma 'yan 14 ɗin nan, don Allah ku tsaya a inda talaka ya ajiye ku, kada a ji kun sauya sheƙa. Idan majalisa ta zama 'yar amshin shata, wa zai tambayi gwamna yadda aka kashe kuɗin?