Alhaji Zai Loda Babur Mai Ƙafa Huɗu

Alhaji ya sayi babur mai ƙafa huɗu, irin na ratsa daji da rairayi, ya kira mai a-kori-kura ya ɗaukar masa.

Alhaji: Direba, sauke murfin bodi. Ga katako biyu nan, yanzu za ka ga na haye kamar tsuntsu.

Direba: Wannan katakon da gara ta gama walima a cikinsa? Alhaji, babur ɗin nan ya kai kilo 300, ga kuma nauyinka a kai.

Alhaji: Ni ɗin nawa nake?

Yaron mota: Oga, in faɗa?

Direba: Rufe mana baki, ɗauko gadojin ƙarfe. Duba nan Alhaji, an rubuta nauyin da suke iya ɗauka. Dole ya wuce naka da na babur a haɗe. Bari in ja da baya zuwa gindin tudun can, don hawan ya rage tsayuwa.

Ya gyara fakin, ya ja birkin hannu, ya kashe mota. Yaro ya sa weji.

Alhaji: To, bismilla, ku kauce!

Direba: Dakata! Ba a ɗaure gadojin a jikin mota ba. In tayar baya ta murza, gada za ta sulle, ku sauko tare, kai a ƙasa, shi a samanka.

Alhaji: Ni fa na shekara 30 ina hawan babur.

Yaron mota: Cikin mota kake hawa da shi, ranka ya daɗe?

Direba: Da yana da injin jan waya a gaba, da shi za mu jawo shi ba kowa a kai. Tunda babu, sa hular kwano.

Alhaji: Tafiyar taku uku sai da hular kwano? Ta ɓata mini karin hula?

Direba: Hula ana sake kari, kai ba a sakewa. Sa ƙaramar giya, ka kunna abin da ke sa duk ƙafa huɗun su ja. Saita tayoyi da gadojin, ka karkato jikinka gaba. Totur kaɗan kaɗan, kada ka fizga, kada kuma ka tsaya a tsakiya.

Yaron mota: Oga, in tsaya a baya in tare shi in ya dawo?

Direba: Kai, uwarka na da wani ɗan ne? Koma gefe!

Alhaji ya hau yana salati da ƙarfi. Bai tsaya ba sai da ya rage ɗan yatsa ya sumbaci gilashin bayan mota.

Direba: Birki! Alhamdu lillahi. Ja birkin ajiya, rufe makunnin mai, zare makulli. Yaro, bel huɗu, kowace kusurwa ɗaya. A jikin firam za ka maƙala, ba a kan sitiyari ba, ka tamke har babur ya ɗan durƙusa. In mun ɗan taɓa tafiya mu tsaya mu sake dubawa. Alhaji, sauko mana.

Alhaji: Bel nawa ka ce kuna da shi?

Yaron mota: Biyar, ranka ya daɗe.

Alhaji: To na biyar ɗin ku zagayo da shi ta ƙuguna. Ƙafafun nan sun ce sai an isa.