Ranar da kibod ya amsa min a kanel ɗina

Jama'a ku bar ni in yi maganar nan yau, ta daɗe tana cina a rai, musamman ga ƙannenmu masu karatun kwamfuta a nan Zariya da kuma malaman da ke duba furojet ɗinsu.

Wata huɗu kenan ina rubuta ɗan ƙaramin kanel nawa, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a wata tsohuwar laftof a ɗakina a Samaru, ina gwada shi a QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta. Da farko abin da ya iya kawai shi ne ya tashi ya rubuta sallama a sikirin ya tsaya. Ka danna kibod har yatsa ya yi ciwo bai san kana yi ba, kurma ne. Abin da ya rage masa shi ne intarof, kuma wallahi sai da na zo nan na gane shekarun da na yi ina cewa na san kwamfuta bakin kogi kawai nake.

Intarof katse hanzari ne. Ka ɗauka maigida na cikin gida yana aikinsa, ko dai ya riƙa tashi duk bayan minti ɗaya yana leƙa zaure ko an yi baƙo, aikin ma ba zai yiwu ba, ko kuma ya zauna abinsa sai yaro ya shigo ya ce wai ana sallama, ya ajiye abin da yake yi ya je ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Maigidan shi ne firosesa, baƙin su ne kibod da agogo da disk, yaron kuma a tsarin tsohuwar PC wani ɗan cip ne mai suna 8259, ana ce masa PIC. Guda biyu ne ma, an jona na biyun a layi na 2 na na farkon, shi ya sa layuka 15 ke aiki ba 16 ba. Layukan nan ana ce musu IRQ, agogo ne a IRQ0, kibod a IRQ1.

Ranar da na fara buɗe ƙofar da umarnin sti, wanda ke ba firosesa damar karɓar intarof, ko ƙiftawar ido ban yi ba sikirin ya nuna min kuskure mai lamba 8, wanda ke nufin firosesa ya yi tuntuɓe biyu a jere. Na bi kod layi-layi ban ga laifi ba. Ashe BIOS, manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin kanel, yana barin IRQ0 zuwa IRQ7 a kan lamba 8 zuwa 15, alhali Intel ta keɓe 0 zuwa 31 don kurakuran firosesa, to agogo ne ke bugawa kamar sau 18 a daƙiƙa, shi kuma kanel yana ɗaukarsa mummunan labari. Magani shi ne ka sake saita PIC ya fara daga 32, na biyun daga 40, 'yan layuka da ba su kai ashirin ba, amma sun ci min kwana biyu.

Na kibod ɗin ne ba zan manta ba. Daren Alhamis, an ɗauke wuta, batir saura kaɗan, na danna a, sai ga a ta fito a sikirin. Na miƙe tsaye ni kaɗai a ɗaki ina Alhamdulillah. Na sake dannawa, shiru. Na danna komai, shiru. Harafi ɗaya tak. Sai washegari bayan Juma'a na gano ban sallami yaron ba, dole idan ka gama da intarof ka aika lambar 0x20 zuwa ƙofa 0x20, wato adireshin da ake magana da PIC ta cikinsa, ka ce wa PIC na gama, in ba haka ba yana nan tsaye yana jiranka ba zai shigo da wani saƙon daga layin ba. Kuma kibod ba harafi yake aikowa ba, lamba ce kake karantawa a ƙofa 0x60, danna a 0x1E ne, sakinta 0x9E, kai ne za ka zauna ka tsara teburin da zai mayar da lamba harafi, ka riƙe ko shift na danne ko an sake shi. Wannan shi ne direba, ba wani tsafi a ciki.

To ga inda nake son zuwa. Duk shekara furojet ɗin yaranmu kusan kala ɗaya ne, shafin rajistar ɗalibai, shafin ajiye bayanan asibiti, na otal, wani ma sayowa yake a canza masa suna. Wani ƙanena ya kai shawarar zai rubuta direban kibod da na agogo a ƙaramin kanel, aka ce masa wannan ba shi da amfani ga al'umma ya kawo wani. Abin ya min ciwo sosai. Malamai, Allah ya ƙara muku daraja, da girmamawa nake faɗa, yaron da ya iya wannan ya fahimci stak da rijista da memori, wato wuraren da kwamfuta ke ajiye bayanai, da hannunsa, abin da ake ba shi a allo ya haddace ya zubar a jarrabawa. Linus Torvalds ɗalibi ne a jami'ar Helsinki a 1991 lokacin da ya fara rubuta kanel ɗin Linux, kuma da irin wannan ya fara a kan kwamfutarsa mai firosesa 386, ɗan shiri mai karanta kibod yana magana da modem. Yau mafi yawan kod ɗin Linux direbobi ne.

Na san za a ce wa zai ɗauke ka aiki da 8259 a wannan zamani, ai an koma APIC, wanda ya gaje shi, tuntuni. Gaskiya ne. Amma na'urar POS da ke kowace kwana daga Kwangila zuwa Sabon Gari, da inbata ta sola, da mitar wuta mai kati, da wayar da ke hannunka, duk akwai firosesa a ciki da na'urori ke katse wa hanzari, sunan yaron aiken ne kawai ya canza. Muna sayensu muna gyara jikinsu, abin da ke gudana a cikinsu kuwa sai wanda wasu suka rubuto mana.

Yanzu haka abin da nake fama da shi, haruffan da VGA, wato tsarin da ke nuna rubutu a sikirin, ke zuwa da su babu ƙ babu ɗ babu ɓ, don haka ko sunan Ɗanladi kanel ɗina ba zai iya rubutawa daidai ba. Kowane harafi ɗigo 8 ne a faɗi 16 a tsaye, na zana ƙ a takardar lissafi mai gida-gida jiya da daddare, lanƙwasar saman ce har yanzu ba ta zauna min ba. Duk wanda ke Samaru ko Kongo yake son mu zauna a kai ranar Asabar bayan la'asar ya min magana ta inbos, ya zo da laftof ɗinsa da caja.