Daga ɓeran hamada zuwa ciwon daji: abin da ƙirgar ambato ba ta gani

Idan za a ƙara wa malamin jami'a girma a yau, abin da kwamiti ke fara buɗewa shi ne shafinsa na Google Scholar ko Scopus, a ga sau nawa wasu masana suka ambaci takardunsa, a duba ma'aunin h. Jorge Hirsch ne ya fito da ma'aunin a 2005: wanda h ɗinsa ya kai 20, yana da takardu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Lissafi ne mai sauƙi, shi ya sa ake son sa. Amma aikin Joel Brown, masanin muhalli ɗan Amurka, ya isa ya sa mutum ya yi dogon tunani kafin ya miƙa wa lamba ɗaya alƙalanci.

Brown ya fara ne da ɓeraye a hamadar Arizona. A 1988 ya wallafa wata dabara: a zuba yashi a tire, a cuɗa shi da geron da aka auna, a ajiye wasu tirarrukan a fili, wasu a gindin ciyayi. Da safe a tankaɗe yashin a auna abin da ya rage. Ɓera yakan bar tono ne da zarar geron da ya saura bai kai wahalarsa da haɗarin mujiya ba, don haka inda aka bar gero da yawa, nan tsoro ya fi ƙarfi. Ba wanda zai kalli wannan aiki a lokacin ya hango asibiti.

Daga baya ya koma cibiyar ciwon daji ta Moffitt a Tampa, jihar Florida, inda ya yi aiki tare da likita Robert Gatenby, wanda ya daɗe yana cewa a kalli ƙari a matsayin taron ƙwayoyin halitta masu gasar abinci da wuri. Wasu magani yana kashe su, wasu sun gagare shi. Idan aka narka magani ba ƙaƙƙautawa, masu jin magani su ƙare, fili ya zama na gagararrun, kamar manomin da ya yi ta feshi har ƙwarin da feshi ba ya kashewa kaɗai suka rage a gona.

A 2017 suka fitar da sakamakon gwaji a kan maza 11 masu sankarar furostet da ta bazu. Ana ba su maganin abiraterone, a riƙa auna sinadarin PSA a jini, wanda ke bin girman ƙarin. PSA ya faɗi da rabi, a tsayar da magani, don ƙwayoyin da ke jin magani su rage su ci gaba da gasa da gagararrun; ya koma inda ya fara, a ci gaba. Cutar ta daɗe a daƙile a 10 daga cikinsu, da kusan rabin maganin da aka saba bayarwa. (Wannan aikin likita ne da ɗakin gwaji, ba izini ba ne ga majiyyaci ya ajiye maganinsa.) Dabarar tana rushewa idan gagararrun ƙwayoyin sun riga sun rinjaya, ko babu alama a jini da ke bin girman ƙarin.

To a nan lambar ke yaudara ta fuska biyu. Fagen ciwon daji yana da masu bincike da mujallu ninkin ba ninkin na muhalli, saboda haka takarda matsakaiciya a can tana iya tara ambaton da takarda mai kafa tushe a kan ɓeraye za ta yi shekaru ba ta samu ba. Wanda ya jera takardun Brown bisa lamba kawai, zai auna girman kasuwa ne, ba nauyin tunani ba. Fuska ta biyu ta fi damuna: yawan ambaton gwajin 2017 bai ƙara masa majiyyaci ko ɗaya ba. Mutum 11 ne, kuma ba a raba su rukuni biyu da ƙuri'a ba. Mai yabo da mai suka duk ambato ɗaya ake ƙirga musu.

Sanarwar San Francisco ta 2012, wadda ake kira DORA, ta nemi a daina auna malami da martabar mujallar da ya yi rubutu a ciki. Kwamiti zai iya wuce nan ba tare da kashe kuɗi ba: a cire ambaton da malami ya yi wa kansa, Scopus na da wurin yin haka, a kwatanta shi da 'yan fagensa da sa'o'insa a aiki, sannan a ce ya zaɓi takardu biyar, a ba masana na waje su karanta su rubuta abin da kowacce ta sauya.